Yadda Ake Gane Wayoyin Tsohuwar Mota Lokacin Neman Matsalar Lantarki

Motar da ta shekara arba'in ko hamsin a kan hanya ta ratsa hannun masu wayarin da yawa, kuma kowannensu ya bar tasa alamar a jikinta. Wani ya yanke waya ya ɗaura wata da abin da ya samu a akwatinsa a ranar, wani ya janyo wuta daga bayan makulli domin rediyo, wani kuma ya naɗe komai da baƙin tef har launin asali ya ɓace. A kan wannan sai a ƙara zafin bazara da ke busar da robar waya har ta riƙa karyewa kamar kara, da ƙurar hunturu da ke cakuɗa da baƙin mai ta mayar da kowace waya launi ɗaya, da ɓarnar ɓeraye idan motar ta daɗe a ajiye. Saboda haka idan fitila ta ƙi kamawa ko fiyus ya riƙa ƙonewa a tsohuwar Peugeot 504, ko Volkswagen Beetle, ko Land Rover ta zamanin da, yawancin lokacin aikin yakan tafi ne wajen gano wace waya ce wace. Gyaran kansa sau da yawa bai wuce na minti goma ba.

Abin da ke kwantar da hankali shi ne waɗannan motoci ba su da kwamfuta, kuma kusan kowace da'irar wuta a cikinsu tsari ɗaya take bi. Wuta takan fito daga batir, ta ratsa fiyus, ta ratsa makunni, ta shiga abin da za ta yi wa aiki, kamar ƙwan fitila ko oda ko injin waifa, sannan ta koma batir ta jikin ƙarfen motar, wanda masu sana'a suke kira bodi. Duk wayar da aka kama a hannu tana zaune ne a wani wuri a kan wannan hanya, kuma aikin mai bincike shi ne ya gano wurin.

Kafin a taɓa kowace waya

Da farko a duba batir a ga wane kai ne aka ɗaure da bodi. A yawancin motoci kan negatif ne, amma motocin Ingila da dama na kafin tsakiyar shekarun 1960 kan fozitif suke ɗaurewa da bodi, kuma Land Rover ba ta koma tsarin negatif ba sai a 1967. Wanda ya ɗauka cewa duk motoci ɗaya ne, ya juya batir a irin wannan mota ko ya saka mata rediyon zamani kai tsaye, zai ƙona abin da ba zai samu a kasuwa da sauƙi ba. Haka kuma a tabbatar da ƙarfin wutar motar, domin Beetle ta kafin 1967 bolt 6 take amfani da shi, ba bolt 12 da aka saba gani an rubuta 12V a jikin batir ba. Da yawa daga cikin waɗannan motoci an riga an sauya musu tsari a hannun wani mai su na baya, don haka shekarar ƙira kaɗai ba ta isa hujja ba, sai an duba da ido.

Daga nan a auna batir ɗin kansa. Lafiyayyen batir mai bolt 12 da ya huta yakan nuna kusan 12.6, idan kuma ya nuna 12.2 to cajinsa ya sauka zuwa wajen rabi. Binciken wayoyi da batir mai rauni ɓata lokaci ne, domin kowace fitila za ta yi dishi-dishi, kuma mutum zai yi ta zargin wayar da ba ta da laifi. A cire agogo da zobe kafin a sa hannu a bayan dashbod, a kuma ajiye sifanar da ta dace da notin kan batir a kusa, yadda idan hayaƙi ya tashi za a iya kwance shi nan take. Idan za a kwance batir, kan da ke ɗaure da bodi ake fara cirewa, shi ne kuma na ƙarshe wajen mayarwa.

Kayan aikin ba su da yawa. Ana bukatar fitilar gwaji mai ƙwai na gaske, da mita mai auna bolt da om (ma'aunin yadda hanya ke tare wuta), da doguwar waya mai kimanin mita biyar da maƙali a kowane baki da fiyus a tsakiyarta, da tef na takarda da alƙalami, da tsumma da ɗan kananzir. A ganina fitilar gwaji ta fi mitar zamani amfani a tsohuwar mota, kuma dalilin yana da muhimmanci. Mitar dijital kusan ba ta jan wuta ko kaɗan, saboda haka za ta iya nuna bolt 12 cif a wayar da silin tagulla ɗaya tak ya rage a cikinta, ko wadda tsatsa ta cinye mahaɗinta. Ƙwan fitila kuwa yana jan wuta, don haka idan hanyar ta lalace zai ƙi kamawa ko ya kama da kyar, ya fallasa abin da mita ta ɓoye.

Abin da launi da lamba suke faɗa

Kamfanonin da suka ƙera motocin ba su zuba wayoyi barkatai ba, sai dai kowace ƙasa da tata al'adar, kuma a nan ne ake yin kuskure mafi tsada. A motocin Jamus, irin su Volkswagen da Mercedes-Benz, waya mai ruwan ƙasa ta bodi ce. A motocin Ingila masu kayan lantarkin Lucas kuwa, irin su Land Rover da Morris da Austin, waya mai ruwan ƙasa ita ce ke ɗauke da wutar batir kai tsaye, dare da rana, kuma ba fiyus a gabanta. Na taɓa ganin Land Rover da wani wanda hannunsa ya saba da motocin Jamus ya ga waya mai ruwan ƙasa tana lilo a bayan dashbod, ya ɗaure ta da ƙarfe da kyakkyawar niyya, ana mayar da batir damin wayoyin ya narke tun daga makulli har injin. Kama da wane ba ta wane.

Tsarin Ingila, wanda aka tattara a ƙa'idar BS AU 7, ya dogara ne kacokan a kan launi. Babban launin waya yana nuna gidan da ta fito, siririn layin da ke jikinta kuma yana nuna aikinta a cikin gidan. Ruwan ƙasa wutar batir ce marar fiyus, shunayya wutar batir ce da ta ratsa fiyus, fara wutar makulli ce marar fiyus, koriya wutar makulli ce da ta ratsa fiyus, ja ta ƙananan fitilu ce, shuɗiya ta manyan fitilu, baƙa kuma ta bodi. Wanda ya riƙe waɗannan bakwai ya riga ya karanta rabin motar. Koriya mai layin shunayya ta fitilar birki ce, koriya mai jan layi siginar hagu, koriya mai farin layi siginar dama. Shuɗiya mai farin layi ita ce doguwar fitila, mai jan layi gajeriya. Fara mai jan layi tana zuwa ga kikstata, fara mai baƙin layi tana haɗa kwayil, mai samar wa fulogogi wuta, da dilko, mai raba musu ita, ruwan ƙasa mai layin rawaya kuma ta fitilar caji ce. A taswirar wayoyi haruffa ake sawa, kuma uku daga ciki suna ruɗa mutane: B baƙa ce, U shuɗiya, N kuma ruwan ƙasa. Harafin farko shi ne babban launi, na biyu layin.

Jamusawa sun fi ba da ƙarfi ga lambobin da aka buga a jikin kayan, kusa da kowace ƙafa, bisa ƙa'idar DIN 72552. Lamba 30 wutar batir ce ta kullum, 15 wutar makulli, 31 bodi, 50 umarnin tayar da kikstata. Lamba 1 ita ce ƙafar kwayil da ke zuwa dilko, 54 fitilar birki, 58 ƙananan fitilu, 56a doguwar fitila, 56b gajeriya, 49 da 49a shiga da fita na na'urar da ke sa sigina ƙiftawa, 61 ko D+ kuma fitilar caji. A jikin rile, wato makunnin da maganaɗisu ke kunnawa, 85 da 86 su ne ƙafafun da ke jan maganaɗisu, 30 da 87 kuma su ne hanyar babbar wuta. Amfanin wannan tsari a tsohuwar mota shi ne ko da an sauya wayar da wata mai launi dabam, lambar tana nan a jikin ƙarfe ko roba, goge ta kawai za a yi da tsumma. A Beetle launukan ma suna bin lambobin: ja ta 30 ce, baƙa ta 15, fara doguwar fitila, rawaya gajeriya, ruwan toka ƙananan fitilu, shuɗiya fitilar caji, koriya kuma daga kwayil zuwa dilko. A lura cewa baƙar waya a nan wuta gare ta da zarar an murɗa makulli, alhali a motar Ingila baƙa bodi ce. Ƙananan lambobi irin 0,5 da 1,0 da 2,5 da ake gani a taswirar Jamus kaurin wayar suke nunawa.

Peugeot, wato Fijo, wadda ta taɓa fin kowace yawa a wajenmu bayan an fara haɗa ta a masana'antar Kaduna a 1975, tata hanyar dabam ce. Launi a Fijo bai cika faɗin komai ba, za a iya samun wayoyi da yawa masu launi ɗaya a dami guda suna ayyuka mabambanta. Shaidar wayar lamba ce da aka buga mata kusa da bakinta, kuma lambar da ke wannan baki ita ce a ɗaya bakin. Matsalar ita ce duk wanda ya yanke bakin waya domin sa sabon maƙali yakan jefar da lambar tare da guntun, sannan goge waya da fetur ko tina yana iya share rubutun. A goge a hankali da tsumma mai ɗan danshin kananzir, a haska da tocila daga gefe. Idan launi ya ƙone ko ya koɗe, a kowace irin mota ce, a warware tef ɗin damin kamar tsawon yatsa biyu, domin a can ciki inda rana da mai ba su kai ba wayar tana nan da launinta na ranar da aka ƙera ta.

Duk da haka, launi da lamba shaida ce kawai ta abin da kamfani ya yi niyya. Motocin da suka shigo Najeriya kafin a koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, wasunsu an mayar musu da sitiyari ɗaya ɓangaren, kuma an ƙara wa wayoyin bayan dashbod tsawo da duk abin da ya samu. Wasu an cire musu dainamo an sa altaneta, an bar wayoyin tsohon katawut, na'urar da ke daidaita cajin dainamo, suna rataye. A irin wannan mota waya takan shiga dami tana ja ta fito tana shuɗiya. Abin da launi ya faɗa sai an tabbatar da shi da gwaji.

Tambayar da ake yi wa kowace waya

Tambayar ita ce: yaushe kike da wuta? A maƙala bakin fitilar gwaji a ƙarfe mai tsabta, a fara taɓa kan batir domin a tabbatar fitilar kanta tana aiki, sannan a taɓa wayar da ake tuhuma alhali makulli yana kashe. Idan ta kama, wayar ta gidan batir ce, wato 30 ko ruwan ƙasa da shunayya a tsarin Ingila. Idan ba ta kama ba, a murɗa makulli a sake taɓawa, in ta kama yanzu to ta gidan makulli ce. Idan har yanzu shiru, a sa wani ya riƙa kunna abubuwa ɗaya bayan ɗaya, ƙananan fitilu, manya, sigina hagu da dama, birki, waifa, giyar baya, har a ga wanda ya kawo mata wuta. Wayar kikstata ba ta samun wuta sai a daidai lokacin da aka murɗa makulli zuwa ƙarshe, don haka kada a manta da wannan matsayi, kuma giya ta kasance a furi.

Idan an gano cewa wayar tana da wuta, saura a san ko ta ratsa fiyus. A bar fitilar gwaji a kanta, a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya. Wanda zare shi ya kashe fitilar shi ne mai gadin wannan waya, kuma sauran abubuwan da suka mutu tare da ita 'yan gidansu ɗaya ne. Idan an zare duka fitilar ba ta mutu ba, wayar ba ta da mai gadi, kuma ita ce za a fi yin taka-tsantsan da ita. Wannan ba baƙon abu ba ne, domin motocin Ingila da yawa na shekarun 1960 fiyus biyu kacal gare su, kuma manyan fitilunsu ba sa ratsa ko ɗaya.

Wayar da ba ta kama a kowane hali ba, ko dai ta bodi ce, ko ta geji, ko kuma ta yanke a hanya. Domin rarrabewa, a mayar da maƙalin fitilar gwaji kan batir mai wuta, a taɓa wayar. Idan fitilar ta haska sosai kamar yadda take yi a jikin ƙarfe, wayar tana da hanya kai tsaye zuwa bodi. Idan ta haska kaɗan, wutar tana ratsa wani abu ne kafin ta isa bodi, wataƙila ƙwan fitila ko na'urar auna mai da ke cikin tanki. Idan ba ta haska ba sam, ɗaya bakin a sake yake ko wayar ta tsinke. Wayar da ake zaton ta geji ce kada a ba ta wuta kai tsaye da doguwar waya, domin siririn zaren da ke cikin na'urar tanki ba ya jure haka. Hanyar gane ta ita ce a cire ta daga tanki, a murɗa makulli, a taɓa ta da bodi na daƙiƙa ɗaya ko biyu, allurar gejin za ta tafi ƙarshe ɗaya.

Akwai rukunin wayoyi da ke ruɗa har ƙwararru, su ne waɗanda makunninsu yake ɓangaren bodi. Oda, da fitilar cikin mota da ke kamawa idan an buɗe ƙofa, da fitilar gargaɗin man injin, duk wuta tana isa gare su tun farko, makunnin kuma hanyar komawa bodi yake buɗewa ko rufewa. Sakamakon haka, idan aka gwada ƙafafu biyu na oda ba tare da an danna ta ba, dukansu za su nuna wuta, sai mutum ya ɗauka wayoyi sun haɗe. A Beetle wayar da ke tafiya daga oda zuwa sitiyari ruwan ƙasa ce, amma tana nuna wuta har sai an danna. Haka kwayil yake: idan kontak, ƙaramin makunnin da ke cikin dilko, a buɗe yake, ƙafafunsa biyu duka suna da wuta, idan ya rufe sai ƙafar 1 ta faɗi kusan sifili. Wannan ma hanya ce ta gane ta, domin idan ana juya injin, fitilar gwaji takan riƙa ƙiftawa a ƙafar dilko, ta tsaya cak a ƙafar makulli. A tsofaffin kwayil na Lucas an rubuta SW a ta makulli, CB a ta dilko. Wani abin da ke kama da lalacewa alhali lafiya ce shi ne wayar da ke ciyar da gejin mai da na zafi a motocin Ingila na tsakiyar shekarun 1960 zuwa sama: wutarta ɗauke-kawo take yi da gangan, domin ƙaramar na'urar da ke bayan dashbod ta haka take samar da matsakaicin bolt 10.

Idan ana son tabbatar da cewa bakin da ke gaban mota da wanda ke but na waya ɗaya ne, a kwance batir, a cire bakunan biyu daga duk abin da suke maƙale da shi, a haɗa doguwar waya da ɗaya, a auna om tsakaninta da ɗayan. Cire bakunan biyu wajibi ne. Zaren ƙwan fitila mai sanyi bai kai om ɗaya ko biyu ba a manyan ƙwayaye, saboda haka mita za ta yi ƙara ta hanyar ƙwan da bodi, ta sa a ɗauka cewa wayoyi biyu mabambanta ɗaya ne.

Abin da alamar ciwo ke nunawa

Idan abubuwa da dama suka rikice lokaci guda ta hanyar da ba ta da ma'ana, a fara zargin bodi kafin a zargi wayoyi. Misalin da aka fi gani shi ne fitilun baya: a taka birki sai sigina ta daina ƙiftawa, ko a sa sigina sai ƙaramar fitila ta riƙa ƙiftawa tare da ita a raunane, ko fitilar dashbod ta haska da an taka birki. Dalilin shi ne ƙwan baya mai zare biyu, na wat 21 da na wat 5, hanyarsu ta komawa bodi ɗaya ce. Idan tsatsa ta toshe ta, wutar birki sai ta bi ta ɗaya zaren ta koma baya cikin da'irar ƙananan fitilu tana neman mafita. A maƙala doguwar waya daga kan batir na bodi zuwa ƙarfen gidan fitilar, idan komai ya daidaita nan take an gano ciwon, kankare tsatsa ne maganinsa. Haka nan a duba kitsattsiyar wayar da ke haɗa injin ko giyabos da ƙashin mota. Idan ta tsinke, wutar kikstata, wadda ta haura amfiya ɗari (ma'aunin yawan wutar da ke gudana), takan nemi hanya ta wayar totur ko ta kuloci, har ta yi zafi ta ƙone.

Fiyus da ke ƙonewa da an saka shi yana nufin wata waya mai wuta ta taɓa bodi. Maimakon a yi ta ƙona sababbi, a haɗa ƙwan wat 21 a gurbin fiyus ɗin, ƙafa ɗaya a kowane gefe. Muddin wayar tana taɓa bodi ƙwan zai haska da cikakken ƙarfi, kuma shi ne zai tare wutar kada ta wuce kusan amfiya biyu, don haka babu abin da zai narke. Daga nan a riƙa cire abubuwan da ke gidan ɗaya bayan ɗaya, ana girgiza damin wayoyi da hannu, har a ga inda hasken ya mutu ko ya ragu. Wuraren da aka fi samun laifin su ne inda dami ya ratsa ramin ƙarfe kuma zoben robar ya zube, da maƙogwaron ƙofa da na murfin but inda waya ke lanƙwasa kullum, da kusa da salansa, da ƙarƙashin kafet inda wani ya ɗaura sukuru ya huda waya.

Al'adar naɗe fiyus da silin waya ko takardar kwalin taba ta ƙona motoci da yawa, kuma ba ta da wani uzuri. Amma akwai kuskuren da ya fi wannan ɓoyuwa. Fiyus ɗin gilashi na Lucas da aka rubuta wa 35, lambar tana nufin inda yake ƙonewa ne, abin da yake ɗauka a kullum amfiya 17 ne. Wanda ya maye gurbinsa da fiyus ɗin gilashi irin na Amurka mai lamba 35 ya ninka ƙarfin mai gadin, wayar za ta riga shi narkewa. A motocin Jamus masu fiyus ɗin tangaran, fari amfiya 8 ne, ja 16, kuma sau da yawa ba ƙonewa suke yi ba, bakinsu ne ke yin tsatsa, murza su a gurbinsu kaɗai yakan dawo da wuta.

Idan batir yana mutuwa cikin dare, a kashe komai, a rufe ƙofofi, a cire kan batir na bodi, a sa fitilar gwaji tsakanin kan da wayarsa. A tsohuwar mota da ba ta da komai sai agogo, bai kamata ta haska ba. In ta haska, a zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har ta mutu, idan kuma duka ba su kashe ta ba, a cire babbar wayar altaneta, domin diyod ɗin cikinta, mai hana wuta komawa baya, idan ya lalace yana tsotse batir a ɓoye. Game da altaneta, gwajin da aka saba yi na cire kan batir alhali injin yana aiki hanya ce ta kashe ta. Mita a kan batir ta isa: tsakanin bolt 13.8 da 14.4 idan an ɗan taka totur. Siririyar wayar fitilar caji ma ba ta ado ba ce, ta cikin wannan ƙwai ne yawancin altaneta suke samun wutar farko da suke fara aiki da ita, don haka idan an murɗa makulli fitilar caji ba ta kama ba, daga nan za a fara bincike.

Fitila mai rauni ko kikstata mai nauyi kuma aikin mita ne. Ana kunna abin, sannan a sa baki ɗaya na mita a kan batir mai wuta, ɗayan a ƙafar abin da ake gwadawa. Abin da ta nuna shi ne wutar da ta zube a hanya. Idan ya haura rabin bolt, a riƙa matsowa da bakin mitar baya, mahaɗi bayan mahaɗi, har a ga inda lambar ta faɗi, nan ne tsatsar take. A ɓangaren bodi bai kamata ya wuce 0.2 ba. Wannan gwaji ba ya aiki sai wuta tana gudana, kuma a mota mai bolt 6 ya fi muhimmanci, tunda rabin bolt a can babban kaso ne.

Duk wayar da aka gane, a naɗa mata tef na takarda a rubuta aikinta nan take, a bakunanta biyu, a kuma zana ta a takarda da launin da aka tarar, ko da ya saɓa wa taswirar kamfani. A ɗauki hoton kowane makunni kafin a zare masa wayoyi. Wayar da aka tabbatar ba ta zuwa ko'ina, kamar ragowar tsohon katawut ko ta rediyon da aka cire, a rufe bakinta da kyau a ɗaure ta a jikin dami, ba a yanke ta a tushe ba. Inda za a yi ƙari, a yi da waya mai sili da yawa wadda kaurinta bai gaza na asali ba, a haɗa da dalma ko maƙali mai matsewa, domin wayar gida mai sili ɗaya karyewa take yi da girgizar hanya, murɗa bakuna biyu da hannu kuma shi ne matsalar da mai gyara na gaba zai zo nema. Lokacin mayar da batir, a fara sa ƙwan wat 21 tsakanin kan batir da wayarsa alhali komai yana kashe. Idan ya haska sosai akwai wayar da ke taɓa bodi, a koma a duba. Idan bai haska ba, a cire shi, a ɗaure kan batir, a kunna da'irorin ɗaya bayan ɗaya, ana shafa damin wayoyin da hannu ko akwai inda ya ɗauki ɗumi.